GASAR GUDU DA KEKE: YADDA AKE SHIRIN SHIGA KARO NA FARKO

Babu ƙauyen da ba a san keke ba. Da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwa, da shi ake kai hatsi wurin niƙa. Gudu ma ba baƙo ba ne. Yaro yana tashi da tsere da langa, saurayi kuma da ƙwallo. To, akwai wani wasa a duniya wanda ya haɗa gudu da keke wuri ɗaya. Turawa suna kiransa duwatilan. Da Hausa sai a ce gasar gudu da keke.

Wasa ne mai daɗi, kuma yana ƙara lafiya. Amma yana da tarko. Mutum yakan ce, ai ni kullum a kan keke nake, me zai gagare ni? Sai ya shiga ba shiri. Wani ya tsaya a rabin hanya, wani ya ji ciwo, wani ma zafin rana ya kayar da shi. Saboda haka duk mai sha'awar shiga yana bukatar abu biyu. Na farko shiri. Na biyu ya san iyakar ƙarfinsa, ya ɗora burinsa a kai.

MECE CE WANNAN GASA?

Gasar tana da zango uku, kuma a jere ake yin su. Da farko a yi gudu da ƙafa. Daga nan a hau keke. Daga ƙarshe a ajiye keken, a sake yin gudu har zuwa layin gamawa. Agogo ba ya tsayawa tun daga tashi har ƙarshe. Ko lokacin da mutum ya ɓata wajen ɗaure hula ko gyara takalmi, duk ana lissafa masa.

Nisan ya danganta da irin gasar. Ga waɗanda aka fi sani:

1. Gajeruwar gasa: gudu kilomita 5, keke kilomita 20, sai gudu kilomita 2 da rabi.
2. Matsakaiciyar gasa: gudu kilomita 10, keke kilomita 40, sai gudu kilomita 5.
3. Doguwar gasa: wadda ta fi suna ita ce ta garin Zofingen a ƙasar Suwizalan. A can ana gudu kilomita 10, keke kilomita 150, sannan gudu kilomita 30.

Sabon shiga gajeruwar gasa ta dace da shi. Maza suna yi, mata ma suna yi, kuma nisansu ɗaya. A yawancin gasa ana raba mutane bisa ga shekarunsu. Ɗan shekara hamsin ba a auna shi da ɗan shekara ashirin. Yara kuwa ana rage musu nisa sosai.

Ga wanda bai saba da awon kilomita ba, ga hanya mai sauƙi. Idan aka zagaya cikakken filin ƙwallo sau uku, an yi kusan kilomita ɗaya. Mai tafiyar ƙasa kuma, in bai tsaya ba, yakan ci kimanin kilomita 5 cikin awa ɗaya.

DAGA INA TA FITO?

Wannan gasa ƙanwa ce ga wata da ake kira tirayatilan, wadda ta haɗa ninƙaya da keke da gudu. An fara waccan a birnin San Diyego na ƙasar Amurka a shekarar 1974. Amma ba kowa ya iya ruwa ba, kuma ba kowane gari ke da tafki ko kogi mai kyau ba. A ƙasashe masu sanyi ma akwai watannin da ba a iya shiga ruwa. Sai aka cire ninƙaya, aka sa gudu a madadinta.

A shekarar 1989 aka kafa ƙungiyar duniya mai kula da waɗannan wasanni a garin Abinyon na ƙasar Faransa. Tun daga 2020 sunanta World Triathlon. A 1990 aka yi gasar gudu da keke ta duniya ta farko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tirayatilan ta shiga wasannin Olamfik a shekarar 2000 a birnin Sidni na Ostareliya, amma gasar gudu da keke ba ta cikin Olamfik.

An fi yin wasan a ƙasashen Turai da Amurka. Duk da haka gudu da tseren keke ba baƙin Afirka ba ne. Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci tseren dogon zango na Olamfik a birnin Rum a 1960, kuma ba takalmi a ƙafarsa. A Burkina Faso an fara babban tseren keke na zagaya ƙasa a 1987. A 2024 Biniam Girmay na ƙasar Eritriya ya ci zango uku a babban tseren keke na Faransa. A wannan shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik a birnin Faris.

A FARA DA DUBA LAFIYA

Rigakafi ya fi magani. Kafin a fara atisaye, ya kamata a je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna jini. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba.

Waɗannan mutane kada su fara sai ma'aikacin lafiya ya amince:

1. Mai hawan jini ko ciwon zuciya.
2. Mai ciwon suga.
3. Mai asma ko tari wanda ya daɗe.
4. Mai amosanin jini, wato sikila.
5. Mace mai ciki ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba.
6. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya daɗe bai yi gudu ba.

Mai zazzaɓi ba ya atisaye. Ya sha magani, ya warke sarai, ƙarfinsa ya dawo, sannan ya ci gaba a hankali. Haka kuma idan ana cikin gudu aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, a tsaya nan take a nemi asibiti. Wannan ba ragwanci ba ne, hankali ne.

BURI DAIDAI DA ƘARFI

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Gwanayen duniya suna gama gajeruwar gasa cikin ƙasa da awa ɗaya. Sabon shiga ya ji haka, sai ya ce shi ma abin da zai yi ke nan. Ya manta cewa waɗannan mutane sana'arsu ke nan. Sun yi shekaru suna atisaye, suna da masu horar da su, suna da kekuna na musamman. Manomi ko ɗan tireda da ya shirya na wata uku ba tafiyarsu ɗaya ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Burin da ya fi ƙarfin mutum yana jawo ɓarna iri uku. Yana sa a matsa wa jiki har a ji ciwo. Yana sa a kashe kuɗin da ba a da su. Yana kuma sa a karaya a bar wasan gaba ɗaya, alhali an yi ƙoƙari.

Abin da ya fi shi ne a yi wa buri hawa uku, kamar matakala.

Hawa na farko: a gama lafiya. Ko da an haɗa da tafiya, ko da an zo na ƙarshe. Wanda ya tsallake layi da ƙafarsa ya koma gida lafiya, ya ci nasara.

Hawa na biyu: a gama ba tare da an tsaya ba. Ana iya rage gudu, amma ba a zauna ba.

Hawa na uku: a gama cikin wani lokaci da mutum ya yanka wa kansa.

Shi wannan lokaci ba da ka ake faɗinsa ba. Auna shi ake yi, sannan a yi lissafi. A ɗauki misalin wani saurayi da ya yi wata biyu yana atisaye. Ya gwada kansa da agogo. Ya ga yana gudun kilomita ɗaya cikin minti 7. Ya ga kuma yana tuƙa kilomita 20 cikin awa ɗaya. Ga lissafinsa:

Gudun farko: kilomita 5 sau minti 7, minti 35 ke nan.
Keke: minti 60.
Gudu na biyu: ya gaji, saboda haka a ba shi minti 8 kowace kilomita. Kilomita 2 da rabi sau 8, minti 20 ke nan.
Ɗaukar keke da ajiye shi: minti 2 sau biyu, minti 4 ke nan.

In an tara 35 da 60 da 20 da 4, an sami minti 119. Wato awa biyu ba minti ɗaya. Sai ya ƙara minti 10 saboda iska ko tudu ko zafin rana. Burinsa na gaskiya shi ne awa 2 da minti 9. Idan ya gama kafin haka, riba ce. Idan ya ce sai awa ɗaya, ya yaudari kansa.

Abin lura kuma shi ne, akwai abin da ke hannun mutum, akwai wanda ba ya hannunsa. Yawan atisaye da gyaran keke da barci da wuri suna hannunsa. Iska da rana da ƙarfin abokan gasa ba sa hannunsa. Saboda haka burin "zan yi atisaye kwana huɗu a mako" ya fi burin "sai na zo na ɗaya" amfani.

KAYAN DA AKE BUKATA

Kada a sayar da akuya ko a ci bashi don sayen keken tsere. A ƙananan gasa da yawa ana karɓar kowane irin keke, muddin yana da lafiya kuma birkinsa na gaba da na baya suna kamawa. Amma a tambayi masu shirya gasar tun da wuri, domin kowace gasa da ƙa'idarta. Keken gida irin su Raleigh ko Phoenix yana da nauyi, bai kai na tsere sauri ba. Mai irinsa sai ya sa wannan a cikin lissafinsa.

A kai keken wurin mai gyara, a duba waɗannan:

1. Birki. In robar ta cinye, a sake ta.
2. Taya. In ta tsage ko ta suɗe, a sake ta. A ba ta iska sosai, domin taya mai laushi tana cin ƙarfi.
3. Sarƙa. A wanke ta, a sa mata mai, a ɗaure ta kada ta riƙa zamewa.
4. Feda da kan keke. A ɗaure duk abin da ya yi sako-sako.
5. Sirdi. A zauna a kai, a ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafa ta miƙe daidai, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa.

Hular kwano dole ce. Ba a barin kowa ya hau keke a gasa ba tare da ita ba. A lokacin atisaye ma a riƙa sa ta, domin kai ba shi da madadi. A nemi wadda ta zauna daram, mai maɗauri a ƙarƙashin haɓa.

Sai takalmin kambas wanda bai matse ba, da safa. Kada a sa sabon takalmi ranar gasa. A fara taka shi tun da sauran makonni, don kada ya yi wa ƙafa kanta ko ƙuna. Tufafi su zama marasa nauyi. Babbar riga da wando mai faɗin ƙafa suna iya shiga sarƙa su kayar da mutum. A tanadi gorar ruwa, da famfon iska, da kayan faci. A kuma koyi yin faci da kai.

Abu na ƙarshe shi ne littafin rubutu da fensir. Kowace rana a rubuta kwanan wata, da abin da aka yi, da minti nawa, da yadda jiki ya ji. Wannan littafi shi ne zai nuna ko ana ci gaba. Ga shi kuma yana ƙara wa hannu sabo da rubutu da lissafi.

SHIRIN MAKO 12

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai lafiya wanda ya saba da aikin ƙarfi yana bukatar kimanin wata uku kafin gajeruwar gasa. Ga tsarin da za a iya bi.

Mako na 1 zuwa na 4: sabo. A yi gudu kwana biyu a mako, keke kwana biyu. Ranar gudu, a yi gudu minti 2, a yi tafiya minti 2, a maimaita sau biyar. Minti 20 ke nan. Kowane mako a ƙara minti ɗaya a kan gudun. Ranar keke, a tuƙa minti 30 ba kaya a baya, ba tsayawa gaisuwa.

Mako na 5 zuwa na 8: ƙari. A kai gudu minti 25 zuwa 30, ana rage tafiyar da ke tsakani. A kai keke minti 45 zuwa awa ɗaya. A nan ne kuma za a fara haɗi sau ɗaya a mako. Wato a tuƙa keke minti 30, a sauka, nan take a yi gudu minti 5 zuwa 10.

Mako na 9 zuwa na 11: gwaji. A mako na 9 a auna gudun kilomita 5 da agogo. Wata rana daban a auna keken kilomita 20. Da waɗannan ne za a yi lissafin buri. A mako na 10 a yi ƙaramin gwaji: gudu kilomita 3, keke kilomita 15, gudu kilomita ɗaya da rabi.

Mako na 12: sassauci. A rage atisaye zuwa rabi. Kwana biyu kafin gasa a huta. Ƙarfin da ba a tara cikin mako 11 ba, ba za a tara shi cikin kwana uku ba. Gajiya kawai za a tara.

Me ya sa haɗi yake da muhimmanci? Domin gudu na biyu shi ne mafi wuya, ko da yake shi ne mafi gajarta. A kan keke cinyoyi suna aiki iri ɗaya, suna juyawa, kuma sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki. Da an sauka, sai a ji ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Wanda ya saba ya san cewa in ya taƙaita taku ya yi haƙuri, bayan 'yan mintoci ƙafa za ta saki. Wanda bai saba ba sai ya tsorata ya zauna.

Ga wasu ƙa'idoji da za a riƙe a duk tsawon shirin:

1. A fara kowane atisaye da tafiya mai ɗan sauri ta minti 5, don jiki ya ɗumama.
2. Yawancin atisaye a yi shi a hankali. Ma'auninsa shi ne mutum ya iya magana da abokinsa yana cikin gudu. In magana ta gagara, saurin ya yi yawa.
3. A huta aƙalla kwana biyu a mako. A lokacin hutu ne jiki yake ginuwa.
4. Ranar da aka wuni ana huɗa ko girbi, an riga an yi atisaye. Kada a ƙara wani a kai.
5. In an rasa kwana biyu ko uku, kada a ce za a rama a rana ɗaya. A ci gaba daga inda aka tsaya.
6. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai. Amma ciwo mai suka a gwiwa ko ƙwauri ko idon sawu, wanda ke ƙaruwa in ana gudu, yana bukatar hutu da dubawa.

A kan titi, mai keke ya bi hannun dama. Mai gudu da ƙafa kuwa ya bi gefen da zai riƙa ganin motar da ke tahowa. Kada a fita cikin duhu, kuma a guji hanyar da babu tsaro. Fita da aboki ya fi, kuma a gaya wa mutanen gida inda aka nufa.

RANA, RUWA DA ABINCI

A ƙasar Hausa babban abokin gabar mai gudu shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. Saboda haka lokacin atisaye shi ne da sassafe, ko da yamma bayan rana ta yi sanyi. Lokacin da ya fi dacewa ga manomi shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, iska kuma ta yi sanyi. Amma ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, gara a huta. A watan azumi a rage atisaye sosai, a mayar da shi bayan an sha ruwa.

A sha ruwa mai tsabta kafin a fita. In atisaye zai kai awa ɗaya, a tafi da gora a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitsari yana nuna hali. In ya yi fari-fari, ruwan jiki ya isa. In ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa. Amma kada a ɗura wa ciki ruwa fiye da kima, domin shi ma yana da illa. Bayan gumi mai yawa, ruwan gishiri da sukari yana taimakawa. A lita ɗaya ta ruwa ana sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In aka ga mai gudu yana tangaɗi, ko yana sambatu, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, to rana ta buge shi, kuma abin yana iya kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a riƙa zuba masa ruwa ana yi masa fifita, a hanzarta kai shi asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki.

Abinci kuwa ba sai an sayo na kanti ba. Tuwo da shinkafa da dankali da fura suna ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi suna gina jiki. Zogale da sauran ganye suna ƙara lafiya. Abinci mai nauyi a ci shi awa biyu ko uku kafin gudu. A kan keke dabino ko ayaba sun isa.

BABU ƘWAYAR ƘARFI

Wasu matasa suna shan ƙwaya irin su tiramol, wai don kada su gaji. Wannan hanyar halaka ce. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi. Ɓoye ciwo take yi, sai mutum ya ci gaba da yi wa jikinsa rauni bai sani ba. Tana kawo jiri da barci, abin da ke da haɗari ƙwarai a kan keke. Tana iya sa farfaɗiya, kuma tana kama mutum ya kasa bari. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana amfani da ita a gasa tun 2019. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ita ma ta hana daga farkon 2024. Ƙarfin gaskiya yana cikin atisaye da abinci da barci.

RANAR GASA

Tun daren jajibere a haɗa kaya wuri ɗaya, a kwanta da wuri. Da safe a ci abin da ciki ya saba da shi, kamar kunu ko koko. Kada a gwada sabon abinci ko sabon abin sha. A isa wurin da sauran aƙalla awa ɗaya.

Akwai wani fili da aka keɓe inda kowa ke ajiye kekensa. A lura sosai da wurin da aka ajiye nasa, domin in kekuna suka yi yawa ana ruɗewa. A saurari bayanin alƙalan gasa. Dokokin da aka fi kama sababbi da su su ne:

1. Sai an ɗaure hular kwano kafin a ɗauki keke. Ba a kwance ta sai an mayar da shi wurinsa.
2. Ba a hawa keke a cikin filin ajiya. Tura shi ake yi har zuwa layin hawa. In an dawo ma a sauka kafin layi.
3. A gasa da yawa an hana a manne a bayan wani mai keke don ya kare wa mutum iska. A bar tazarar da aka ce.
4. Ba a toshe kunne da abin jin waƙa, kuma ba a gudu ba riga.

Da an tashi, jama'a za su zabura. Kada a biye musu. Gudun farko a yi shi ƙasa da iyakar ƙarfi, domin akwai aiki biyu a gaba. Da yawa daga cikin masu zaburar nan za a tarar da su a hanya suna haki. A kan keke a tuƙa da ƙarfi ɗaya, a sha ruwa. In an kusa sauka a ɗan sassauta don ƙafa ta shirya. A gudu na biyu a fara da gajeren taku. In ya zama dole a yi tafiya, a ƙirga taku ɗari sannan a ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

BAYAN AN GAMA

Kada a zube ƙasa nan take. A ɗan taka na wasu mintoci, a sha ruwa, a ci abinci. A huta kwana uku ko fiye kafin a koma atisaye. Sannan a buɗe littafi a rubuta lokacin da aka yi, da abin da ya yi daidai, da abin da ya ba da wuya. Daga nan ne buri na gaba zai fito. Wanda ya yi awa 2 da minti 10, rage minti biyar a gasa ta biyu babban ci gaba ne. Matsakaiciyar gasa kuwa a bar ta sai an gama gajeruwa sau biyu ko uku lafiya.

Mai neman inda ake yin irin wannan gasa ya tambayi ofishin wasanni na ƙaramar hukumarsa ko hukumar wasanni ta jiha. Ya kuma yi lissafin kuɗin rajista da na mota da na masauki kafin ya sa suna. In babu gasa kusa, ƙungiyar matasa ko ajin yaƙi da jahilci suna iya shirya ƙarama a gida: gudu kilomita 2, keke kilomita 8, gudu kilomita ɗaya. Sai a nemi izinin mai gari, a zaɓi hanyar da motoci ba su yawaita ba, a yi da sassafe. A sa mutane a kowace kwana, a tanadi ruwan sha, a gayyato ma'aikacin lafiya. Masu rubuta sunaye da lokaci kuwa, ga ɗaliban aji nan.

Duk wanda ya auna ƙarfinsa, ya yi shirinsa, ya gama lafiya, ya cancanci a yi masa barka, ko na nawa ya zo. Allah ya ba mai niyya sa'a.